Reshen da Malam Jatau Ya Bayar

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can kan duwatsu inda sanyi ba ya ɗaukewa. Sunansa Malam Jatau. Bai mallaki komai ba sai bishiyar tuffa guda ɗaya a bayan gida, tsohuwa tukuf, wadda ya gada daga kakansa. 'Yar-ƙamshi ake ce wa irinta.

Ku saurara, jama'a. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. 'Ya'yanta ƙanana ne, a karkace, gefe ja gefe kore. Amma ka gatsa ka ji! Tsami ya fara gaishe ka, zaƙi ya biyo baya, ƙamshi ya cika ɗaki. Mai jego ta ci ta ji ƙarfi. Majinyacin da ya ƙi abinci, da ita ake buɗe masa baki. A rumbu kuwa sai ta yi watanni ba ta ruɓe ba.

Da can kowane gida akwai ta. Sai aka shigo da sabon iri, manya-manya, jajaye, sai sheƙi. Ai kuwa gari ya ɗauki gatari, kowa ya sare tasa ya dasa sabuwa. Maƙwabcinsa Makau har leƙo katanga yake yi: "Malam Jatau, har yanzu kana fama da wannan tsohuwar? Ba mu ita mu yi girki mana!" Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya tsinko biyu ya miƙa masa.

Ana nan ana nan, cuta ta faɗa wa sabon irin. Ganye ya yi baƙi, gonaki suka bushe ƙurmus. Tsohuwar Malam Jatau kuwa ko gezau.

To, ga inda zancen yake. Tuffa ba gero ba ce. In ka shuka ƙwayarta, ba irin uwar za ta ba ka ba, sai an yanko reshe an yi masa aure da wani gindin. Reshe kuwa, a garin nan kaf, gida ɗaya yake.

Makau ne ya fara sallama, kai a sunkuye. Bayansa mutane, bayansu mutane.

Matarsa Azumi ta ja shi gefe. "Malam, ka duba fa. Bishiyar nan ta tsufa. In ka aske ta haka, ba lallai ta tashi ba. Kuma don su wa? Mutanen da suka mai da kai abin dariya!"

Ya ce, "Gaskiya kika faɗa, Azumi. Amma ni na dasa ta? Tarar da ita na yi. Wanda ya bar mini bai tambaya ko na cancanta ba."

Ya ɗauki wuƙa. Wallahi yana son bishiyar nan kamar ransa. Ya yanka ya bayar, ya yanka ya bayar, bai mai da kowa hannu rabbana ba. Kuma kada ku zaci ta tsira. Maganar Azumi ta tabbata, tsohuwar ta bushe. Malam Jatau ya zauna a gindinta ya yi hawaye, sannan ya ce alhamdu lillahi.

Shekaru suka shuɗe. Wata safiya sai ga Makau da kwando a ka, ga kuma ɗan dashe a hannu. "Malam, daga reshenka ne. Kowane gida ya sa nasa a kwandon nan."

Ƙamshin ma ya riga shi shiga gida. Malam Jatau ya ɗauki ɗaya, ƙarama, a karkace, ya gatsa. Sai ya fashe da dariya. "Azumi! Zo ki ji. Wallahi ita ce!"

Kun ji, jama'a? Da ya yi rowa, da bishiyar nan ta mutu da irinta, don dama tsohuwa ce, kwananta ya kusa ƙarewa. Abin da ya bayar shi ne kaɗai ya dawo masa. Kai ma akwai tsohuwar bishiya a gidanka: karatun da ka iya, sana'ar mahaifinka, irin dawar da kakarka ta ɓoye a tulu. Ka raba tun kana da rai, har ga wanda ya yi maka dariya. Allah Ya ba mu ikon bayarwa, amin.