Jar Igiya a Wuyan Barmu

An yi wani sarki a Birnin Dargazu ana ce masa Haliru, mutum mai son talakawansa, mai saurin fushi in an taɓa su. Yana da waziri mai suna Ukashatu, malami ne na gaske, in ya ɗauki alƙalami ya tsara doka sai ka rantse babu mahaluƙin da zai sami kafar kushe ta. Aibinsa ɗaya ne, ni kuwa ba zan rufa masa asiri ba: a wurinsa duk abin da bai gani a takarda ba, bai kai a kira shi ilimi ba.

Wata shekara mahaukacin kare ya faɗa kasuwar birni ya ciji mutum uku, cikinsu ba wanda ya ga damina. Hankalin sarki ya tashi, ya umurci waziri ya nemo rigakafi. Ukashatu ya shige ɗakin karatunsa ya fito da doka mai kyan tsari. Kowane kare a ƙasar a kawo shi ƙofar fada a duba lafiyarsa, a ɗaura masa igiyar jar fata a wuya, a manne ta da hatimin sarki na dalma. Wanda karnukansa suka wuce biyu ya yi musu danga ya karɓi takardar izini. Karen da aka gani ba igiya, ko aka ga an tsinke masa ita, dogarai su kashe shi nan take. Ja ya zaɓa domin shi ne launin fada, ya kuwa ji daɗin wannan zaɓi ƙwarai. Sanƙira ya yi shela, fadawa suka yi ta yabo, waziri yana sunkuyar da kai irin na mai son a ƙara.

Bayan wata guda, ran nan da hantsi ana fadanci, sai aka ji hayaniya a ƙofa. Kafin a ce kwabo wani tsoho ya kutso, ƙafafunsa duk faso da ƙura, ya saɓo karya a wuyansa kamar yadda makiyayi ke saɓa ɗan tunkiya. Karyar cikinta ya tsufa, ga jar igiya a wuyanta. Fadawa suka ja da baya. Liman ya tattare rigarsa yana salati, domin tun da aka kafa garin ba a taɓa jin kare ya ƙetare wannan soro ba. Bayan tsohon kuma ga wani dattijo mai rawani yana haki.

Tsohon ya durƙusa bai sauke kayansa ba, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, sunana Anaruwa, mafarauci ne ni daga Rafin Gawo. A gafarce ni da ban sauke ta ba. Na rasa ƙasar da zan ajiye ta a kai ta kwana da rai."

Sarki ya ɗaga hannu ya tsai da dogarai, ya ce, "Faɗi ƙararka, dattijo."

Anaruwa ya ce, "Karnuka biyar gare ni, su ke tsare gonakin garinmu daga birai da gyado. Dogarai suka same su a gona ba igiya, suka kashe biyu. Na ce to, maganar sarki ce. Na koro ukun da suka rage, tafiyar kwana biyu, aka duba su aka ce lafiyarsu lau. Da na ga launin abin da za a ɗaura musu, na yi roƙo, na yi magiya, ba wanda ya saurare ni. A hanyar komawa na riƙe su da ƙyar, amma da suka jiyo ƙanshin gida sai biyu suka fizge suka yi gaba, ni kuwa ƙafa ta gaji. Wannan, Barmu, nauyin ciki ya sa ta tsaya tare da ni. Ina isa gindin gawon bakin gari sai ga aminina Cindo, wanda aka yi mana kaciya rana ɗaya, ya tarye ni yana hawaye da sanda a hannu. Ya rungume ni ya ce, 'Sannu, Anaruwa, sai haƙuri. Mun ɗauke maka nauyin.' Ga su nan kwance bayansa, duka biyun."

Fadawa suka ɗauki salati gaba ɗaya. Sarki ya zabura ya ce, "Wane ne ya isa ya kashe dabba da hatimina a wuyanta, har ya zo yana yi wa mai ita jaje?"

Dattijon mai rawani ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni ne Nomau, dagacin Rafin Gawo. Ba raini ba ne, wallahi. A wurinmu da ƙauyuka bakwai na kewayenmu, mafarauci ba ya kashe karensa da hannunsa. In mahaukacin kare ya ciji nasa, sai ya ɗaura masa jan ƙyalle a wuya ya sake shi, duk wanda ya fara haɗuwa da shi ya kashe masa. Ba a tambaya, ba a jira, domin kakanninmu sun ga mai kare ya ji tausayi ya janye, aka rasa yaro. Cindo zumunci ya yi. Tun da ya ji gaskiyar magana, ko ruwa ba ya iya haɗiya. Amma in karyar nan ta koma da ja a wuya, ko ni na hana mutanen garina, ba zan iya hana makiyayi ko matafiyi na ƙauyen gaba ba. In kuwa muka koya wa yaranmu cewa jan wuya lafiya ne, ranar da karen da aka ciza da gaske ya biyo hanya za su tsaya shafa shi."

Duk wannan magana waziri yana zaune kamar an dasa shi. Ba labarin kaɗai ya kaɗa shi ba. Fuskar tsohon ce ya gane. Mako guda da ya wuce, yana fitowa daga fada a kan dokinsa, wani baƙauye ya kama linzami yana cewa, "Ranka ya daɗe, kada a sa musu ja, don Allah kowane launi ban da ja!" Shi kuwa ya ɗauka taurin kai ne irin na mutanen daji, ya yi murmushi ya ce a ba shi hanya. Bai ko tambaye shi dalili ba.

Sarki ya juya gare shi ya ce, "Waziri, gaba kura ke nan baya sayaki. A cire igiya, dokata ta kashe ta. A bar igiya, al'adarsu ta kashe ta. Maganata ba za ta faɗi ƙasa ba, abin da ya tsare 'ya'yan mutane tun kaka da kakanni kuma ba zan taka shi ba. Na ba ka zuwa jibi ka nemo hanya. In ka kasa, kai za ka raka tsohon nan har Rafin Gawo, ka tsaya da idonka ka ga abin da alƙalaminka ya rubuta."

Waziri ya koma gida. Ya buɗe littattafai, ya tarar da bayani a kan karen farauta da karen tsaron gona da hukuncin abin da kare ya lasa, amma ba malamin da ya taɓa jin labarin Rafin Gawo. Wuni guda ya ɓata a haka. Washegari, da girman kai ya ƙare masa, ya aika aka kira Anaruwa da Nomau, ya shimfiɗa musu buzu a zaurensa. Barmu tana kwance a ƙofa, an ajiye mata tuwo ta ƙi ko kallonsa.

Waziri ya ce, "Dagaci, tun da aka naɗa ka, mutum nawa cizon mahaukacin kare ya kashe a ƙasarku?"

Nomau ya ce, "Shekarata talatin da ɗaya da rawani, ranka ya daɗe. Mutum ɗaya ne, shi ma a hanyar birni aka cije shi."

Ukashatu ya riƙe baki. Su a birni, da malamansu da dogaransu, uku a rana ɗaya. Ya ce, "To yaya kuke sanin karen da aka ciza?"

Anaruwa ya dube shi da mamaki, ya ce, "Yaya ba za mu sani ba? Dagaci ya san kowane kare da uwarsa da kakarsa. In Barmu ta yi tari yau, kafin azahar gari ya ji. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Waziri ya tambaya da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ka gane ni?"

Tsohon ya ce, "Tun a fada na gane ka. Ban zo don in kunyata kowa ba, na zo ne don ta rayu."

Wannan magana ta fi masa bulala ciwo. Yana cikin jin kunyar nan sai wani abu ya faɗo masa a rai, ya miƙe zumbur, domin shi da kansa ya ba da umurni a ɗora buhunan jar igiya a kan jakuna, dogarai su kai ƙauyukan nan bakwai don sauƙaƙa wa mutane tafiya, kuma tun jiya suka tashi. Bai jira jibi ba. Ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba, ya nufi fada, mutane suna kallonsa baki buɗe. Anaruwa ya saɓi Barmu, shi da Nomau suka bi bayansa.

Ya faɗi gaban sarki, ya warware rawaninsa ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kafin hukunci, a sa mahaya su tsai da jakunan igiya, in ba haka ba gobe war haka ba sauran kare a ƙauyuka bakwai, kuma masoyansu ne za su kashe su." Sarki ya yi umurni, dawakai suka fita a sukwane.

Sa'an nan waziri ya ce, "Laifin nan nawa ne, ba na dogarai ba, ba na Cindo ba. Na rubuta doka a kan kare ban tambayi mai kare ko ɗaya ba, da mai kare ya kama linzamina don ya gaya mini kuwa, na yi masa dariya. Abin da sarki ya nufa shi ne a rarrabe lafiyayye da mai cuta, ba launi sarki ya nufa ba, ni na ƙara launi don ƙawa. Shawarata ita ce hatimi ya tabbata, domin maganar sarki ce, amma a manne shi a kan farar igiya, a kuma damƙa shi hannun kowane dagaci, shi da ya san dabbobin garinsa, shi zai duba, shi zai ce a yi danga ko a saki a gona. Ja kuwa a bar shi da ma'anar da mutanen Rafin Gawo suka ba shi, a yi shelarta a duk ƙasa, har nan birni, domin dabararsu ta tsare rayuka shekara da shekaru, tawa kuwa a wata ɗaya ta kashe lafiyayyu huɗu a gida ɗaya."

Sarki ya daɗe yana dubansa, ya ce, "Ɗauki rawaninka. Masu hikima a fadata suna da yawa, amma wanda zai tona kansa ba a tambaye shi ba, yau na fara ganinsa." Ya sa aka kawo alkyabba aka yafa masa. Amma Ukashatu ya roƙi a ba shi wuƙa tukuna. Ya tafi inda Barmu take, ya durƙusa da alkyabbar a jikinsa, ya sa hannu ya ɗaga haɓarta, ya yanke jar igiyar. Fadawa suka yi ta kallon juna. Karyar ta girgiza wuya, ta miƙe, ta je ta kwanta a kan ƙafar ubangidanta.

Sarki ya ce wa Anaruwa ya roƙi abin da yake so a madadin karnukansa. Tsohon ya ce, "Allah ya ba ka nasara, huɗun nan ba sa dawowa, ga wasu kuma a cikin Barmu in Allah ya sauke ta lafiya. Abin da nake so, a sami babban mutum ya je ya gaya wa Cindo ba shi da alhaki. Na faɗa masa har bakina ya gaji, ya ce don ina aminin nasa ne nake faɗa."

Waziri ya ce, "Ni zan je, domin alhakin da yake ɗauke da shi nawa ne, gara in je in karɓi kayana."

Haka kuwa aka yi. Ya raka tsohon har Rafin Gawo kamar yadda sarki ya yi masa barazana, sai dai da farar igiya a wuyan Barmu. A gindin gawon nan, gaban jama'ar gari, ya durƙusa wa Cindo ya nemi gafara, ya kuma ƙi tashi sai da ya ga mutumin ya karɓi ƙwaryar fura ya sha. Yankakkiyar jar igiyar kuwa ya rataye ta a ɗakin karatunsa, daidai saman inda yake ajiye tawada, ta zauna a nan har ƙarshen ransa.

Ku da Allah ya ba alƙalami a kan mutane, ku riƙe wannan: adalci ba ya cika da kyan nufi kaɗai, sai an tambayi wanda hukuncin zai kwana a gidansa.