Jajen da Kwaɗo Ya Yi wa Agwagwa

Ga ta nan, ku matso jikokina.

Ta zo mu sha, Kaka!

Agwagwar ruwa ta sauka a tafkin Kwaɗo daga ƙasar ƙanƙara, can ƙarshen arewa, duk jikinta toka. Ta ce, "Malam Kwaɗo, dajinmu ya ƙone, har ƙasa ci take da wuta ta ciki. Hayaƙin zai ƙara wa duniya zafi. Ka yashe tafkin nan saboda 'ya'yanka."

Kwaɗo, sarkin ko-in-kula, ya ce, "Allah ya mayar da alheri. To na yi jaje, sai me? Ko ƙaurin wutar ban ji ba."

"Haba Malam, sama guda ce fa!"

Ya yi nutso abinsa. Shashasha!

Da bazara tafki ya ƙafe, 'ya'yansa na mutsu-mutsu cikin taɓo. Agwagwa ta leƙo ta ce, "Allah ya mayar da alheri, Malam."

Ƙurunƙus, kan Kwaɗo mai taurin kai.