Kurege Cindo da Akwatin Wuta

Ga ta nan tafe, ku matso ku gyara zama.

A dajin Kwarin Tsamiya an yi wani kurege ana ce masa Cindo, saboda yatsu shida ne a hannunsa na dama. Ba gona, ba rumbu. Abin da ya mallaka duk duniya wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙuryar raminsa. In ya kunna ta, sai ya je rafi ya yi wanka ya dawo ba ta gama farkawa ba, fankarta tana ƙara kamar injin markaɗe. In yana buga gem ɗin tseren mota, motarsa takan sandare a tsakiyar kwana, kafin ta motsa abokan tsere sun isa gida sun ci tuwo.

Duk da haka bakinsa bai taɓa mutuwa ba. "Ni ne Cindo mai yatsu shida! Biyar na tuƙi, ɗaya na nuna wa na baya hanya!"

Ana tsakiyar bazara, yunwa ta sa kowa ya yi laushi, sai aka yi shela cewa ranar Asabar akwai gasar tseren mota a gindin tsamiya. Kowa zai zo da kwamfutarsa, wanda ya ci kuma buhun gyaɗa nasa ne. Cindo, da kwana uku rabonsa da abin kirki, ya ji cikinsa ya amsa tun kafin kunnensa. Buhun nan zai kai shi har kaka.

Ya kinkimi kwamfutar sai shagon Baba Kunkuru mai gyara. Ya tarar da Bushiya a kan benci tana jiran layi, ya tsallake ta ko sannu babu. Baba Kunkuru ya kwance murfi, ya hura, ƙura ta tashi har ya yi atishawa uku. Ya dubi 'yan kuɗin da Cindo ya zube a tebur.

"Ɗana, waɗannan abu ɗaya za su saya maka," in ji shi. "Ga akwatin wuta na hannu, mai lafiya. Shi ke raba wa kowane sashe abincinsa, naka kuwa ya gaji. Sa wannan, ka share ƙura, ka rage kyan hoto a gem, za ta kai ka. Ram da katin hoto, masu ƙara mata sauri da kyan hoto, ka bari sai kaka."

"Akwatin wuta?" Cindo ya kwashe kuɗinsa. "Baba, wa ya taɓa cin tsere da akwatin wuta? Wa ma yake ganinsa? Ni abin da ke walƙiya nake so."

Ya wuce 'yan gwanjo ya sayi farar riga irin ta likitoci da tabarau mara gilashi, canjin kuma ya ci ƙuli-ƙuli.

Da gari ya waye ya cusa wutsiya a wando, ya sa safar hannu don ɓoye yatsan nan na shida, ya rataya sukudireba a wuya, ya yi sallama gidan Kura. Ita Kura mace ce da ba ta yarda da kowa ba. Kwano, ludayi, tsintsiya, komai nata ta ɗiga masa jan farce, yadda mata ke yi wa kwanukansu don kada su salwanta a gidan biki.

"Gwaggo, injiniya ne daga birni," in ji Cindo ta hanci. "Kwamfutarki takan yi zafi da rana?"

A bazara har dutse zafi yake yi, amma Kura ta dafe ƙirji. "Wallahi tana yi! Wa ya gaya maka?"

"Aikina ke nan." Ya buɗe, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Ram biyu gare ki, su ke riƙe mata tunani. Ɗaya ya kamu. In ya ƙara yini a nan zai shafa wa ɗan'uwansa."

"Cire shi! Cire shi maza, kada ya kashe mini kaya!"

Ya zare shi da yatsu biyu yana kawar da fuska kamar mai ɗaukar mushe. Ya ga ɗigon jan farce a gefensa, ya ce a ransa, wa zai leƙa cikin kwamfuta? Kura har da raka shi ƙofa tana sa albarka.

Da hantsi ya yi sai fadar Zaki. Nan kam sai da ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe, don tafin Zaki ɗaya ya fi shi duka. Amma da ya hango katin hoton da ke cikin kwamfutar Zaki, mai fanka uku da fitilu masu canja launi, tsoro ya koma gefe ya zauna.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, kunya ce ta kawo ni. An ce har yanzu mai fanka uku kake amfani da shi."

Zaki ya haɗa gira. "Akwai wanda ya fi shi?"

"Mai fanka biyar, ranka ya daɗe, na sarakuna kaɗai. Sai dai ƙa'idar kamfaninmu, a karɓi tsohon tukuna, sabon ya iso ranar Lahadi."

"Lahadi? Gasar Asabar fa?"

"Haba, manyan dawa! Kai da tsere da talakawa? In ka ci a ce tsoro aka ji, in ka faɗi kuwa, Allah ya kiyaye. Kujerar alƙali ce ta dace da kai."

Zaki ya shafa gemu, maganar ta zauna masa daidai. Da kansa ya riƙe murfin Cindo ya kwance katin.

A rami aka sha fama. Ram ɗin Kura ya shige lafiya, amma katin Zaki ya fi cikin kwamfutar tsawo, Cindo ya gwagwiye ƙarfen da ya tare shi. Wayar wutar ba ta shiga, ya feƙe ta da haƙori ya haɗa ya naɗe da leda. Murfi ya ƙi rufuwa, ya ɗaure shi da robar tayar keke. Da ya kunna, hoto ya fito tas, har ana ganin ƙurar taya. Gwada tsere ko zagaye ɗaya bai yi ba, ya kashe ya fita yawon cika baki.

"Ku tanadi tafi! Ni ne Cindo, na sha Kura da safe, na sha Zaki da hantsi!" Wannan ta ƙarshen a hankali ya faɗe ta, bayan ya waiga.

Da gari ya waye, ranar Asabar, gindin tsamiya ya cika. An jera tebura, janareta tana ruri, buhun gyaɗa yana jingine a ƙafar Zaki. Kura tana sahun 'yan kallo tana mita, wai tun da aka yi wa kwamfutarta magani ta koma tafiyar hawainiya.

Aka busa usur. Kai, Cindo ya iya tuƙi, wannan ba a ƙwace masa ba. Zagayen farko ya ba kowa rata, na biyu ya fara ɗaga wa jama'a hannu. A na uku fankokin nan suka buɗe murya suna neman abinci, tsohon akwatin wuta kuwa ba shi da abin ba su. Wani wari ya taso kamar ana babbakar kai. Cindo ya ji, ya ƙara danna wuta, don ga layin ƙarshe can yana hangowa.

Tau! Allo ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe.

Wata 'yar mota ta zo a natse ta tsallake layi. Ta Bushiya ce. Hotonta dishi-dishi, kwamfutarta ma ta girmi ta Cindo, amma akwatin wutar nan da ya raina a shagon Baba Kunkuru shi ne a cikinta.

Cindo ya ji kamar ya yi kuka, buhu guda ya tafi yana kallo. Bai ko samu sararin kukan ba, don zafi ya cinye robar keken, murfi ya faɗi ƙasa ƙwaram, cikin kwamfuta ya bayyana a gaban kowa.

Kura ta miƙo wuya. "Wancan ɗigon jan farcena ne!"

Zaki ya miƙe a hankali yana ƙirga fankoki. "Ɗaya, biyu, uku. Injiniya, ashe kai ne kamfanin?"

"Ranka ya daɗe, gwaji nake yi maka, kafin Lahadi..."

Marin Kura ne ya ƙarasa masa maganar, ya yi sama ya faɗo kan buhun gyaɗa. Ko a wannan hali sai da ya cika kumatu biyu. Ya zura da gudu, Zaki ya kai hannu ya damƙe wutsiya, Cindo ya fizge ya bar masa gashin ya faɗa ramin gara.

Can ciki ya zauna, ido ɗaya a kumbure, wutsiya a fige kamar ta ɓera, yana ɓare gyaɗarsa guda bakwai. Ya daɗe yana tunani, sannan ya gyaɗa kai.

"Baba Kunkuru ya yi gaskiya, na ɗauki darasi," in ji shi. "Baɗi akwatin wutar zan fara sata."

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan figaggiyar wutsiyar kurege.