Gizo a Kan Sikelin Malama Zalɓe

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Gizo ne dai da 'ya'yansa uku, Tanko da Kande da Auta. Kullum matarsa Ƙoƙi ta zuba musu ɗumame za su makaranta, sai Gizo ya ce, "Ku dakata, uba ke fara ɗanɗanawa, ko da guba." Ɗanɗanon nan kuwa ba ya ƙarewa sai an ga gindin akushi. Yara suka rame, Gizo ya ajiye tumbi.

Rannan Zaki ya sa aka yi shela: za a auna 'yan makaranta, maza da mata, uban da 'ya'yansa suka fi kyan girma a ba shi rago. Malama Zalɓe ce mai awo, da sikelinta da sandar gwada tsawo.

Gizo na jin rago, yawunsa ya tsinke. Ya dubi Tanko, ya ga ƙanwarsa Kande ta ɗara shi tsawo. Ya ce, "Ina aka taɓa yi, mace ta wuce wanta?" Ya yanko kara biyu, ya ɗaura wa Tanko a ƙafa, ya rufe da dogon wando.

Ranar awo, Malama Zalɓe ta gwada tsawon Tanko, ta ce, "Tubarkalla, kamar ɗan raƙumin dawa! Hau sikeli." Tanko ya hau, allurar sikeli ko gezau.

Ta ce, "Malam Gizo, mai wannan tsawo ai ya kamata ya yi nauyin maraƙi. Me kake ba shi?"

Gizo ya ce, "Tarbiyya, Malama."

Aka bushe da dariya. Gizo ya ce a ransa, ashe nauyi ake so.

Washegari ya cika wa Kande aljihu da tsakuwa, ya ƙunsa wata a ɗankwalinta. Tana hawa, allura ta wulla can.

Malama ta ce, "Wannan kuma nauyinta ya tsere wa tsawonta. A rage mata abinci."

Kande ta fashe da kuka. "Malama, me za a rage? Rabona da loma tun shekaranjiya!"

Gizo ya yi farat ya ce, "Mantuwa gare ta. Gadon uwarta ne." A ransa kuwa ya ce, ashe duka biyun ake so.

Da aka zo kan Auta, sai ya haɗa masa kara da tsakuwa. Yaro na tafe yana tangal-tangal. Yana ɗora ƙafa a sikeli, kara ya ce ƙaras! Auta ya zube, tsakuwa ta watse, ɗaya ta sami Kura a hanci.

Zaki ya ce, "A kwance su duka, a auna gaskiya." Aka ɗora yaran nan uku tare, ba su kai nauyin kaza ba.

Malama Zalɓe ta ce, "Ƙoƙi, kullum muna ganin hayaƙi a gidanku. Ina tuwon yake zuwa?"

Ƙoƙi ta kalli tumbin mijinta. Kowa ya bi shi da kallo.

Gizo ya ce, "Ni fa ba ɗan makaranta ba ne!"

Zaki ya ce, "Hau."

Aka gwada tsawo, bai kai gwiwar Malama ba. Aka ɗora shi a sikeli, sikeli ya yi ƙara, ya lotse.

Zaki ya ce, "To, ga nauyin yaran, an gan shi."

Nan take aka yanka ragon, aka dafa wa yaran. Gizo kuwa aka ɗaura masa igiya a kwankwaso, aka miƙa wa Kura bakin igiyar, ga hancinta na zogi. Da ya kai hannu akushi, sai ta fizga. Ya kai, ta fizga. Ya kai, ta fizga. Haka aka riƙa yi kowace safiya, har yara suka murmure, suka miƙe, tsawo da nauyi suna tafiya tare. Kande dai ta ci gaba da fin Tanko, sai daga baya ya kamo ta. Shi ya sa har yau kuke ganin ƙugun gizo a tsuke.

To, kun ji. Girman yaro ba a ƙera shi don idon mutane, a cikin akushi yake. Wanda ya cinye rabon ɗansa, jikinsa ne zai ba da shaida. Kai kuma jikana Sallau, daina hararar kwanon ƙanwarka.

Ƙurungus kan ɗan kusu, tawa ta ƙare.