Zaɓaɓɓen da Ke Rina Masara

Ya 'yan'uwa a cikin Ubangiji, ku gyara zama.

An yi wani mutum a nan Sabon Gari, mai shagon irin shuka a cikin kasuwa. Ba zan kama sunansa ba, bai kai a ɓata lokacin sujada da shi ba. Yana saurayi ya yi dako a wani sito da ke Samaru inda ake sayar da ingantaccen irin masara. A can ya ga yadda ake cuɗa iri da jan magani mai kashe ƙwari. Jan nan gargaɗi ne cewa wannan masara ta ƙasa ce, ba ta ciki ba. Manomi kuwa da ya hango ja a cikin leda sai hankalinsa ya kwanta, ya san ya samu iri mai kyau.

Mutumin nan Kirista ne, a baki. Layin gaba yake zama ranar Lahadi, kuma "Amin" ɗinsa ta fi ta kowa ƙara. Yana da mata mai tsoron Allah, Lovelyn, da 'yarsu tilo, Elizabeth, wadda suke kira Liza, ko firamare ba ta shiga ba. In akwai abin da yake ƙauna a duniya bayan kansa, to yarinyar nan ce.

Wata Laraba ya je nazarin Maganar Allah a Samaru. Wani ɗalibin jami'a ne ke koyarwa a kan zaɓen Allah, cewa tun kafin a kafa duniya Ubangiji ya san nasa, ya zaɓe su saboda alherinsa, ba don aikinsu ba. Koyarwa ce ta gaskiya. Amma kafin ɗalibin ya kai ga dalilin da ya sa aka yi zaɓen, wayar mutumin ta yi ƙara, mai saye na jiransa a shago. Ya miƙe ya fice. Rabin darasi ya ɗauka, kuma a kan rabin nan ya gina rayuwarsa.

A cikin motar komawa Sabon Gari ya gama nasa ilimin tauhidin. In sunansa na cikin zaɓaɓɓu, babu zunubin da zai fitar da shi. Wa ya gaya masa yana ciki? Shi ya gaya wa kansa. Ba ga shago yana cika ba? Ba ga shi lafiya lau ba? Mutumin da bai taɓa zama har ƙarshen wa'azi ba, shi ne ya zauna ya yanke wa kansa hukuncin ranar ƙarshe tun a kujerar bas.

Da damina ta matso sai ya je kasuwar Giwa ya sayo masarar ci. Ya kawo ta gidansa a Muchia, ya tsince manyan ƙwayoyi, ya zuba a baho, ya cuɗa su da jan kalar da masu yin alawa ke amfani da ita. Ya shanya, ya ƙulla a leda, ya jera a shago. Wai ingantaccen iri ke nan.

Lovelyn ta yi kuka, ta roƙe shi. Ta ce, "Baban Liza, gumin talakawa ne fa. Mutum zai yi shekara yana jiran gonarsa." Ya daka mata tsawa, ya ce kada ta ƙara yi masa maganar iri a gidan nan. Kuma don ya nuna mata abin ba komai ba ne, ya ce duk sadda masarar gida ta ƙare ta ɗiba a baho ta wanke, ai kalar alawa ce kawai. Haka aka saba. Garin tuwo ya ƙare, a ɗebi ja a wanke. Kamun koko ya ƙare, a ɗebi ja a jiƙa.

Kaka ta yi, gonaki suka tona asiri. Akwai wata dattijuwa a Zumuntar Mata, Mama Scholastica, mijinta ya rasu, 'yar gonarta a bayan Samaru ce abincin jikokinta. Ta zuba taki, ta yi noma har bayanta ya ƙage. Ta zo shagonsa riƙe da zangarniyar masara wadda ba ta fi yatsa biyu ba, ta ɗora masa a kan tebur. Ta ce, "Ɗana, irin da ka ba ni ke nan."

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Mama, abin da Allah ya nufa ya yi albarka shi ke yin albarka. Ni iri na sayar, ban sayar da nufin Allah ba."

Kun ji? Ya cuci gwauruwa da hannunsa, sannan ya miƙa wa Allah laifin ya riƙe masa.

Maganar ta kai kunnen Baba Gregory, dattijon ikilisiya. Ya tako har gida, ya ce masa ya tuba, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta tun ƙofa na buɗe. Mutumin ya yi murmushi irin na wanda ya fi kowa karatu. Ya ce, "Baba, ku ba ku gane alheri ba. In ina ciki, kala ba za ta goge ni ba. In ba na ciki, tuba ba za ta sa ni ba. To wahalar ta mece ce?" Tsohon ya dube shi ya girgiza kai, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Damina ta sake zagayowa. Ƙorafin manoma ya yi yawa, har aka fara raɗe-raɗin jami'an gwamnati za su shigo kasuwa su duba iri. Sai jarumin namu ya tsorata. Ya lallaɓa Samaru ya sayo iri na gaske mai magani, da niyyar ya gauraya da na ƙarya, yadda ko an shuka wani zai yi kyau. Ya farke ledojin, ya juye a bahon nan na kullum. Ya tafi Giwa sayo masarar da zai haɗa, ya kwana a can.

Bai gaya wa matarsa ba. Me ya hana shi? Girman kai. Shi da ya cika gida da cewa babu abin da zai taɓa zaɓaɓɓe, yaya zai dubi Lovelyn ya ce mata tsoro ya kama shi? Kalma ɗaya ce a bakinsa, ya haɗiye ta don kada mace ta raina shi.

Kamu ya ƙare a gida. Lovelyn ta ɗiba a baho kamar yadda ta saba. Ta ga jan ya ƙi fita da sauri, ta ji wani wari, ta ɗauka kala ya canza. Ta ɗauraye, ta jiƙa, ta kai inji. Da safe ta dama koko, ta fara zuba wa Liza, don yarinyar ba ta haƙurin yunwa. Ta shanye, ta miƙo kofi a ƙara mata.

Kafin hantsi yarinyar na amai, kumfa na fita a bakinta. Maƙwabta suka taimaka aka kai ta asibiti. Likita ya tambayi abin da ta ci. A gaban ma'aikata da masu jinya Lovelyn ta ce, "Masara ce kawai, mijina ne ke rina ta da kala yana sayarwa a matsayin iri, babu magani a ciki." Saboda haka aka ɓata lokaci ana neman ciwon a wani wuri. Sadda mutumin ya iso daga Giwa ya faɗi gaskiya, lokaci ya ƙure. Liza ta cika kafin la'asar.

A wurin zaman makoki mutane suna ta cewa a yi haƙuri, haka Allah ya so. Lovelyn ta ɗago kai. Ta ce, "Don Allah ku bari. Kada ku ɗora wa Ubangiji wannan. Mutum ne ya juye iri a bahon nan, kuma yana da baki, bai yi magana ba." Bayan jana'iza 'yan'uwanta suka zo daga Zonkwa suka tafi da ita. Shago kuwa babu wanda ya ƙara leƙa shi, har ya rufe.

Kuna tsammani ya tuba? Yana nan har yau, yana zama a bakin layin dogo cikin yagaggiyar riga. Baba Gregory ya je ya same shi, ya ce masa har yanzu jinin Yesu ya isa ya wanke shi, in zai durƙusa. Ya ce, "Baba, ku rabu da ni. Ashe tun farko ba a zaɓe ni ba. An riga an yashe ni, me tuba za ta yi mini?"

Ku dubi lalacewa! Jiya ya ƙi tuba don wai yana ciki. Yau ya ƙi tuba don wai yana waje. Ya binne 'yarsa, amma har yanzu bai iya buɗe baki ya ce "ni na yi" ba.

Ya 'yan'uwa, zaɓen Allah gaskiya ne, kuma babu mai ceton kansa. Amma sauran darasin da mutumin nan ya fita bai ji ba shi ne, an zaɓe mu domin mu yi zaman tsarki. Wanda Allah ya kira, za a gani a awonsa, a shagonsa, a yadda yake dubin gwauruwa. Abin da ke ɓoye a wurin Allah ba a ba ka ka leƙa ba. Abin da aka sa a gabanka shi ne safiyar yau, da hannunka, da bakinka, da zaɓin abin da za ka yi da su. A kan wannan za a tambaye ka.

Kai da ke zaune a nan kana cutar mutane da sunan alheri ya rufe ka, tashi ka gyara tun kana da waɗanda za ka nemi gafararsu.

Ya Ubangiji, ka tsare mu daga mai da alherinka mafakar mugunta. Ka ba mu zuciyar da za ta amsa laifinta tun kafin marar laifi ya ɗauki hukuncinsa. Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu, cikin sunan Yesu. Amin.