Abin da Guduma Ya Yi wa Ƙaninsa a Filin Padel

Akwai wani mai gyaran janareta, abokansa na kiransa Guduma saboda ƙarfin hannu. Wata biyu kacal da fara buga padel, wasan nan na mutum bibbiyu a fili mai bangon gilashi, amma ya riga ya ɗauki kansa gwani. Ƙaninsa, malamin makaranta, shi ne abokin wasansa.

Duk ƙwallon da ta zo, sai Guduma ya maka mata iya ƙarfinsa. Ta tafi ta daki gilashi ba ta taɓa ƙasa ba, maki ya tafi. Sai ya juyo kan ƙanin.

"Kai wai barci kake yi ne? Ka tsaya kamar turke!"

Wata rana mai horar da su ta tare shi. "Yallaɓai, rage ƙarfi. Ka bar ƙwallon ta daki bango ta dawo, sannan ka tura ta a hankali. Ka riƙa barin ta ɓangaren ƙaninka. Kuma don Allah ka sa igiyar raket, abin bugun nan, a hannunka."

"Ni da ke ɗaga inji za ki koya wa duka?" in ji shi. "Igiya kuma, akuya ce ni?"

Ranar gasar kulob aka haɗa su da wasu dattawa biyu masu furfura. Dattawan ba su ko yi gudu ba. Ƙwallo kawai suke ɗagawa sama ta bayan Guduma, shi kuma yana ta dukan iska yana zage-zage.

Can wata ƙwallo ta nufi ɓangaren ƙanin. Guduma ya bangaje shi, ya kai duka. Raket ya suɓuce daga hannunsa mai gumi, ya sami ƙanin a baki.

Haƙora biyu suka zube. Jini ya ɓata rigarsa.

Ƙanin ya miƙe ya dube shi. "Yaya, wata biyu kana zagina a gaban mutane, ina shiru don kai babba ne. Jibi da wane bakin zan tsaya gaban ɗalibai? An faɗa maka, ka ƙi ji! Ka nemi wani."

Daga ranar babu wanda ya yarda ya shiga fili da Guduma. Da kansa ya koma wurin mai horarwar, kai a sunkuye. Wata guda ta sa shi yana buga ƙwallo a bango shi kaɗai, igiya ɗaure a hannu, har ya iya jiran ƙwallo ta dawo.

Yanzu ya iya wasan sosai. Ƙanin ya yafe masa, suna gaisawa, suna zumunci. Amma bai sake shiga fili tare da shi ba.

Darasi: Idan kai sabo ne a abu, ka saurari wanda ya riga ka, kuma ka daina ɗora kuskurenka a kan na kusa da kai. Ku tura wa duk wanda ba ya jin gyara.