Sunan Ɗan Ubale

Ku matso ku ji, amma kada kowa ya yanke hukunci sai na kai ƙarshe.

Ubale mai sayar da tayoyi ne a Kano, mutum mai gajen haƙuri. Ya taso daga Legas da matarsa Lantana, tana ɗauke da cikin wata bakwai, bayan shekara goma sha ɗaya suna neman haihuwa. Jirginsu zai tashi da hantsi, sai aka tsayar da shi minti arba'in. Ubale ya yi ta mita har maƙwabcinsa na kujera ya toshe kunne. Bayan an tashi, an raba shayi, jirgi na tafiya sumul a sararin sama, sai kawai ya sunkuyar da kai ƙasa, shayi ya zube wa Ubale a riga. Ta taga ya hango cikin wani ƙaton jirgi ya wuce ta samansu, kusa ƙwarai. Da suka sauka ya yi alkawari in Allah ya sauki Lantana lafiya, namiji ne, zai sa masa sunan wanda ya zama sanadin tsirarsu. Sai ya shiga bincike, ga abin da ya samo.

Na farko Injiniya Sambo, wanda ya tsayar da jirgin. A kowane babban jirgi akwai na'urar da ke hango wani jirgi in ya nufo, ta yi magana da 'yar'uwarta da ke cikinsa, su raba hanya: wannan ya hau, wancan ya sauka. Sambo ya tarar ta wannan jirgin ta lalace. Ƙa'ida ta yarda a tashi haka na 'yan kwanaki, manaja na tsaye a kansa da takarda, amma ya ƙi sa hannu sai da ya sauya ta. Da ba don shi ba, ba abin da zai yi ƙara a gaban matuƙa. Sai dai minti arba'in ɗin nan nasa ne suka kai su mahaɗar a daidai lokacin da ɗaya jirgin ya iso.

Na biyu Nafi'u, mataimakin matuƙin jirgin su Ubale, shekararsa biyu kacal a kujerar. Mai ba da hanya daga ƙasa ya yi kuskure ya ɗora jirginsu da wani jirgin kaya a tsayi ɗaya, da ya farga sai ya ce wa na fasinja ya hau, na kaya ya sauka. A daidai nan na'ura ta ce a sauka. Kyaftin Haladu, wanda ya shekara talatin yana bin muryar ƙasa, ya fara jan jirgi sama. Nafi'u kuwa ɗan gidan tarbiyya ne, bai taɓa katse maganar babba ba, ko gaisawa da Kyaftin da hannu biyu yake yi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ake bi. Ƙasa." Ya dafa sitiyari ya danna. Kyaftin ya dube shi sau ɗaya, ya sakar masa.

Na uku Kyaftin Tanimu, matuƙin jirgin kayan. Shi kuma an ce masa daga ƙasa ya sauka, tasa na'urar ta ce ya hau. Jirginsa maƙare yake da kaya, sauka ta fi masa sauƙi, kuma bai san abin da mutanen ɗaya jirgin za su zaɓa ba. Ya ɗaga kan jirgin sama, ya gaya wa na ƙasa a taƙaice cewa na'ura yake bi. Da ya sauka kamar yadda aka umarce shi, da ya tarar da Nafi'u a can ƙasan, kuma da biyayyar Nafi'u ga na'ura ce ta hallaka su duka.

Bayan wata biyu Lantana ta haifi namiji. Ubale ya kasa zaɓe, ya je ya sami kowannensu. Sambo ya ce shi aikinsa ya yi. Nafi'u ya sunkuyar da kai ya ce har yanzu kunyar Kyaftin Haladu yake ji. Tanimu ma bai san akwai mai ciki a jirgin ba. Ubale ya dawo gida ransa a jagule.

"Malam, a haɗa sunayen uku mana," in ji Lantana.

"Ɗa ɗaya Allah ya ba mu," in ji shi. "Takwara ɗaya na yi alkawari."

Ranar suna ta zo da sassafe. Rago na ɗaure a ƙofar gida, an raba goro, liman ya karkato da kunnensa wajen Ubale yana jiran a raɗa masa.

To, ku da kuka ji, sunan wane ne ya kamata Ubale ya faɗa?